Sunan Yankan Anti Talatu

Ina cikin motar Abuja, mun maƙale a cunkoso daidai Dutsen Zuma, sai saƙo ya shigo zauren unguwarmu na waya: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa matar Injiniya Bala rasuwa yau da asuba. Jana'iza ƙarfe goma." Na ce Allah ya jiƙanta, na mayar da wayar cikin jaka. Suleja cike take da injiniyoyi, masu suna Bala kuwa ko a layinmu sun kai uku. Sai bayan azahar wata abokiyar karatuna ta kira ni tana kuka, ta ce, "Safiya, wai ba ki ji ba? Anti Talatu ce fa." A lokacin har an dawo daga maƙabarta. An fita da matar da ta koya mini riƙon fensir ban tsaya a kanta na yi mata addu'a ba, don kawai sanarwar ba ta faɗi sunanta ba.

Duk wanda ya san ta zai gane abin da ya sa wannan ya yi mini ciwo biyu. Anti Talatu ta daɗe tana koyar da zane a makarantar 'yan mata, a nan na shiga hannunta. Da ta yi ritaya sai ta mayar da ɗakin ajiyar gidansu wurin aiki, ni kuma na zama 'yar rakiya. Mata kawai take zanawa: masu suyar awara a bakin tasha, matan Gwari da ke ɗauko itace a kafaɗa daga wajen Gawu, masu ginin tukwane, masu sharar ofis da ke bin motar farko zuwa Abuja. A ƙasan kowane zane takan rubuta sunan matar da manyan baƙaƙe, nata kuma, Talatu, ta maƙala shi ƙarami a gefe.

Samun sunan nan shi ne rabin aikin. Ba na manta wata mai sayar da doya da muka tsaya wurinta a kasuwa.

"Mama, yaya sunanki?" in ji Anti.

"Maman Sande."

"Wannan na ɗanki ne. Naki fa?"

"Matar Ɗanjuma."

"Wannan kuma na maigida."

Matar ta rufe baki da gefen zane tana dariya. "Kai, Anti, wahala dey your body, kin cika fitina! Wannan suna ya daɗe a jaka fa." Ta lalubo shi kamar mai neman kwano a ɗaki mai duhu, sannan ta ce a hankali, "Shekwoyemi. Tun da babana ya mutu ba wanda ya kira ni haka." Anti ta maimaita sau uku har ta iya faɗinsa daidai, sannan ta buɗe takardar zane.

Takan ce, "Randa da sunanta, tulu da sunansa, har kasko. Wadda ta gina su ce kawai ake ce wa wata mata." Da aka fara baje zanenta a Abuja, masu rubutu suka kira ta 'yar gwagwarmayar mata, wasu mazan unguwa kuma suka ce mai zuga matan mutane ce. Ita ba ta karɓi ko ɗaya ba. "Ni tambaya kawai nake yi," in ji ta. "Wanda tambaya ta dama, ya duba gidansa." Wani mai otal ya taɓa zuwa zai sayi zane huɗu, da sharaɗin a shafe sunayen, wai sun ɓata hoton. Ta zuba masa kunun aya mai sanyi, suka yi hira, ta raka shi har mota hannu rabbana.

Don haka na isa gidan makoki da fushina, na ƙudura cewa ranar addu'ar uku sai an ambaci sunanta a gaban jama'a. Na ɗauko takarda zan rubuta wa liman, na rubuta Talatu, sai hannuna ya tsaya. Talatu ai sunan ranar haihuwa ne. Shekara ashirin ina bin matar nan kasuwa-kasuwa tana tono sunayen mutane, ban taɓa juyowa na ce, "Anti, naki na yankan fa?" ba. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na masu sanarwa.

Na tambayi Hajara, babbar 'yarta. Ta ce, "Wallahi Anti Safiya, mu Umma muka sani. An ce sunan kakarta aka mayar mata, shi ya sa aka ɓoye tun tana jaririya. Ko a takardun makaranta Talatu aka rubuta. 'Yan'uwanta duk sun rasu. Sai dai Baba, shi ya ji a wurin ɗaurin aure."

Da safiyar ranar uku na sami Injiniya Bala a zaure kafin mutane su taru. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana jan carbi bai dube ni ba.

"'Yata, shekara arba'in ban kira ta da suna ba. Ke nake cewa, ko Maman Hajara. Haka muka ga iyayenmu suna yi."

"Baba, ita da ta tambayi kowa, ba ta taɓa tambayarka ba?"

"Sau ɗaya. Tana wanke burushinta, ta ce wai ko na tuna da shi. Na yi dariya, na ce wannan aikin nata ya fara shigowa gida, na fita masallaci." Ya share ido da hannun riga. "Na tuna mana. Yaya za a yi in manta?"

Na miƙa masa takarda da biro. Ya ture su. Ya ce in koma ciki.

Muna tsakar gida mu mata, muna jiyo maza ta kan katanga. Liman ya ɗaga murya, "Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah," sai muka ji muryar tsohon ta katse shi: "Malam, Rakiya sunanta. Rakiya." Na ga leɓen Hajara yana motsi, tana gwada shi a bakinta karon farko.

Har yau ina mamakin abin da ya hana ta rubuta shi a ƙasan zane ko sau ɗaya. Ko kunyar gidansu ce ta bi ta har tsufa, ko jira take wani ya yi mata tambayar da ta yi wa kowa, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ban tambaya ba, kuma wannan zai daɗe yana cin raina.

Allah ya ba Baba da Hajara da ƙannenta haƙurin wannan rashi, ya albarkaci bayanta. Ya Allah, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ranar da za a kira kowa, ka kira baiwarka Rakiya cikin waɗanda ka yarda da su. Amin.