Dutsen Ƙarƙashin Taya

Akwai ranar da ko tsufa ya kwashe min tunani ba na jin zai iya kwashe ta, ranar da Allah Ya tsamo ni da ƙanena daga bakin ruwa, mu kuma muka yi asarar Gwaggonmu alhali tana raye.

Ina 'yar shekara bakwai lokacin. Babanmu manomin albasa ne a Wurno, gonarsa tana fadama ta wajen hanyar Goronyo, gab da babbar magudanar da ke kawo ruwan dam. Yana da wata tsohuwar akori-kura wadda ba ta tashi sai da turi. Birkin hannunta ya daɗe da mutuwa, giya kuma ba ta riƙe ta. Don haka kullum a gangare yake ajiye ta, ya danna mata dutse a ƙarƙashin taya. In zai tafi sai ya cire, ta gangara ta kama. Fadama kuwa laka ce zalla, sai ka yini ba ka ga dutse ba, shi ya sa da abinsa yake yawo a cikin mota.

Gwaggo yayarsa ce, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. A Rabah take aure, amma duk shekara in an fara cire albasa sai ta zo ta yi wa masu aiki girki a gona. Ba ta da ɗa ko jika, mu ne 'ya'yanta. Ita ke min kitso, ita ke ɓoye mana ƙuli-ƙuli a bakin zane, ita kaɗai ce kuma ke iya yi wa Baba tsiya ya yi dariya.

"Wagga mota taka jaki ya hi ta," haka take ce masa. "Shi ko ba a tura shi da sahe."

Ran nan muka nace sai an je da mu gona. Baba ya ajiye mota a kan tudun hanya, hancinta yana kallon magudana, ya sa dutsensa ya shiga cikin masu aiki. Da rana ta yi zafi, ni da ƙanena muka lallaɓa cikin motar muka kwanta a kujera, ba wanda ya gan mu.

Gwaggo ta tashi haɗa murhu. Ta samo busassun hogen laka biyu, na ukun ya gagara, duk wanda ta ɗora wa tukunya sai ya ruguje. Can ta hango dutse a gindin taya. Ita ba ta taɓa sanin aikinsa ba, a wurinta mota in ta tsaya ta tsaya. Ta sa ƙotar fartanya ta buge shi ya fita, motar ko motsi ba ta yi ba don tayar ta ɗan zauna cikin ƙasa. Ta ɗora shinkafa da wakenta hankali kwance.

Ƙanena ne ya farka ya fara tsalle a kan kujera. Sai na ji motar ta yi wani nishi, bishiyar darbejiyar da ke gefenmu ta fara ja da baya. Wallahi da farko daɗi na ji, har na kama sitiyari ina kwaikwayon Baba. Sai da na ɗaga kai na ga ruwa cike da magudana, an sako shi daga dam yana gudu, sannan na gane can muka nufa. Na ji ihun mutane a baya. Na rungume ƙanena, bakina ba abin da yake iya faɗi sai "Ya Allah", don iyakar addu'ar da ta zo min ke nan.

A ƙasan gangaren akwai wurin da tiyon injin ban-ruwan maƙwabcinmu ke yoyo, ya mai da hanya taɓo. Baba ya sha yin mita a kan wannan taɓo, har sun yi sa-in-sa da mutumin. To a ciki tayoyin gaba suka nutse, motar ta yi turus, tsakaninta da ruwa bai fi mutum ya miƙa hannu ba.

Baba ya fizgo mu yana laluba jikinmu, ko ƙwarzane babu. Ya waiwaya ya ga dutsensa a ƙarƙashin tukunya. A gaban masu aiki, manya da yara, ya ce, "Yaya, mi kinka yi haka? Don tukunyar wake za ki kashe min ɗiya? Da kin haihu da kin sani."

Gwaggo ta miƙe. Ta sauke tukunya, ta sa hannu biyu ta ɗauko dutsen nan daga cikin wuta, ta taka har inda motar ta kafe, ta ajiye shi a gindin taya. Na ga tafin hannunta ya yi fari, amma ko yarfe shi ba ta yi ba.

Washegari ta koma Rabah. A gidanmu aka yanka rago aka yi sadaka, maƙwabta suna ta zuwa barka, kowa na faɗin ikon Allah da taɓon nan. An yi godiya yadda ya kamata, sai dai ba wanda ya tambayi hannun Gwaggo. Da hankalin Baba ya dawo ya bi ta har gida ya durƙusa. Ta ce masa, "Ba komi, ai gaskiya ka hwaɗi." Ta yafe, na tabbata ta yafe, tana aiko mana da ƙuli-ƙuli in an samu mai zuwa. Amma ba ta sake taka gonar nan ba, ba ta sake kwana a gidanmu ba har Allah Ya karɓi abinsa. Na yi kewarta ƙwarai, har yau in aka kama kaina za a yi kitso sai ta faɗo min a rai.

Baba ya sayar da motar daga baya, amma dutsen bai bayar ba. Yana nan a zaure da baƙin hayaƙinsa. Bayan an dawo daga jana'izarta na same shi zaune kusa da shi, ya ce min, "Allah Ya tsare min ku ga ruwa, ni ko na kasa tsare ta ga bakina."

Abin da na koya ke nan. Tsarewa ta Allah ce, kuma ran nan Ya yi ta cikakkiya, da taɓon da muke zagi. Abin da ya karye, mu muka karya shi, bayan hatsari ya riga ya wuce. Magana zarar bunu ce. Shi ya sa yanzu in tsautsayi ya gifta kan 'ya'yana na ga sun tsira, nakan ce alhamdu lillahi, in kama bakina har sai hankalina ya kwanta.