Gardamar Teku a Gidan Makoki

A babbar kasuwar Njamena, rumfar yadinmu tana jikin ta wani tela Kirista, mutumin kudu. Yayana, wanda muke rumfar tare, ba abin da yake so irin gardama da shi. Ya samo fassarar littafinsu ta Larabci, da rana ta yi zafi ciniki ya lafa sai ya buɗe labarin yadda Bani Isra'ila suka ƙetare teku.

"Nan an ce iska ce ta kwana tana korar teku, nan kuma an ce ruwa ya tsaya kamar bango. Wanne ne?"

Telan yakan yi dariya, ƙafarsa na kan keke. "Duka biyun, maƙwabci. Ai sun haye."

Haka suka yi shekaru, ni ina shan shayi ina jin su.

Wata damina kogi ya cika ya batse. Kwalekwale ya kife da ɗan telan na fari a wajen Tukura, inda suke da gona. Muka shiga mota muka je gaisuwa, ba a ma ga gawar ba tukuna. Telan yana zaune a kan tabarma, wandonsa duk laka don tun safe yake bin gaɓa. Daga cikin gida ana jin kukan uwar.

Wani dattijon cocinsu ya tashi yana ba shi haƙuri, ya ce Allah da ya ƙetarar da Bani Isra'ila ba zai bar su ba. Sai na ji yayana ya gyara murya.

"To ku dakata. Rundunar Fir'auna, wani wuri an ce sun nutse ƙasa kamar dutse, wani wuri an ce an ga gawarwakinsu a gaɓa. Wanda ya nutse yana fitowa ne ko ba ya fitowa?"

Telan ya ɗago kai a hankali.

"Shi nake jira in gani," ya ce.

Na ja yayana waje.

"Yaya, ba ka ji kunya ba?"

"Me na yi? Ai gaskiya na tambaya."

A mota ma bai bari ba, yana ta nanata cewa dattijon ya kasa amsawa. Na sauka a unguwar Habbena na ƙarasa gida da ƙafa.

Daga baya masunta suka tsinci yaron. Ni kaɗai na je jana'iza. Telan ya dawo aiki, yakan gaishe mu da safe, amma ya juya kekensa yana fuskantar bango.