Ilu Magini Ya Jingine Tsaninsa

Duk mai fitowa sallar asuba a Mandawari ya san Malam Ilu magini ba ya komawa gida kai tsaye. Da an sallame, sai ya bi lungu yana shafa katangun mutane da tafin hannu, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Wani wuri ya wuce, wani wuri ya tsaya ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. In bai ji abin da yake so ba, sai ya leƙa zaure ya yi sallama, ya ce, "Maigida, bangonka na gabas yana son yaɓe kafin ruwa ya sauka." Ba wanda ya aike shi, kuma ba kullum ake gode masa ba. Na taɓa jin wani ya ce masa, "Haba Ilu, ko gaisuwa ba mu gama ba ka kawo mini damina?" Ya ce, "Kai ka amsa lafiya. Bangon ne bai amsa ba."

Bana ya daina. Gwiwa ta ƙi, ido ya yi hazo, ya jingine tsaninsa a zaure. Ba a yi taro ba, ba a yi walima ba. Garin nan yana da maroƙa ga duk wanda ya sayi mota. Wanda ya kare rabin unguwa daga ruwa da rana tun kafin babban yaƙin duniya kuwa, ko mai guɗa bai samu ba. Na karanta labarin manyan birane a littattafan Larabci da na boko. Duk suna ambaton wanda ya ce a gina, ban ga wanda ya ambaci mai taka ƙasa ba. To, ni yau zan ambace shi, ko da masu karatu sun fi son labarin farashin gyaɗa.

Ilu bai taɓa jiran jirgin ƙasa ya kawo masa kayan aiki ba. Ƙasarsa daga kududdufin bayan unguwa take. A kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta tsima, a dunƙula tubali, rana ta busar. Azarar rufi daga giginya. Lason da yake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa kuwa, daga katsin da marina suka kwashe a gindin rijiyar rini ne da gashin da majema suka kankare, wato abin da wasu suka zubar. Bangonsa mai kauri ne, tagarsa ƙarama can sama, kuma ba ya buɗe ta gabas inda ruwa ke bugowa. Zafin rana zai wuni yana neman hanya bai shigo ba. Lokacin sanyi kuma bangon ya riƙe ɗumi, ba sai an kwana ana cin itace ba. In gidan ya tsufa ya faɗi, a jiƙa shi a sake kwaɓawa. Akwai ɗakuna a Mandawari da ƙasarsu ta ga kakannin masu su.

Mutanen Jakara suna tunawa da shekarar da ruwa ya yi yawa, yadda suka gan shi a kan rufin 'Yardada, wata tsohuwa mai ƙosai da ba ta da ɗa namiji, yana buɗe indararon da ya toshe, ruwa na dukansa. Tana ƙasa tana ihu, "Sauko, ɗan nema, kada ka mutu mini a ka!" Yana cewa, "Iya, ki dai ajiye mini masu zafi." Kuma kowa ya san dokarsa a kan indararo: ba a juya bakinsa ga bangon maƙwabci, ko da uban wa ya ce a juya. Gidajenmu a manne suke, bango ɗaya na gida biyu ne. Ruwan rufinka ka kai shi lungu. Rigimar da Ilu ya kashe a kan wannan, da ta je gaban alƙali, da har yau ana zaman shari'a.

Kai ne, Ilu, wanda ya san gida ba na mai shi kaɗai ba ne.

Shi ya gina wa matata Hajo ɗakinta, shekarar da muka tare. Ya yi mata ɗaurin guga, wato rufin da ake lanƙwaso azara daga kusurwa huɗu su haɗu a tsakiya ba ginshiƙi. Ranar da zai rufe tsakiyar, ya ce a ba shi tasa ya manna, yadda ake yi. Hajo ta ɗauko ta jan ƙarfe daga cikin kayan ɗakinta, wadda ta gada wurin kakarta. Ta ce, "Malam Ilu, in ta faɗo mini a ka, kai za ka auri Malam, ka ji yadda ake fama." Ya ce, "Uwargida, in don wannan ne, ba za ta faɗo ba har abada."

A ƙarƙashin tasar nan ta yi jinyarta, cikin bazara, lokacin da ko ƙadangare yake neman inuwa. Ƙanenta ya ce a kai ta gidansa mai kwano a Fagge, ya fi kusa da asibiti. Ta kwana biyu ta ce a mayar da ita, wai ba ta yi laifin da za a gasa ta tun a duniya ba. Da aka shigo da ita ɗakin ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Allah Ya yi wa Ilu albarka." Barcin kirki na ƙarshe da na ga ta yi, a nan ta yi shi. Bayan rasuwarta na kwaso littattafaina na koma ciki. In na kwanta, tasar nake kallo.

Sai maƙwabcina Alhaji Nata'ala ya samu kasuwar gyaɗa. Mutumin kirki ne, ba ya wuce ni bai gaishe ni ba. Ya sauke rufinsa ya sa kwano, don yanzu a garin nan arzikin da ba ya ƙyalli ba arziki ba ne. Masu aikin da ya ɗauko suka karkata kwanon yadda ya yi musu sauƙi, duk ruwansa ya koma zuba a kan bangon da ya haɗa mu, wanda shi ne bayan ɗakin Hajo. Da na yi magana, kunya ta kama shi. Ya ce, "Malam, wallahi ban lura ba. Bari in gyara maka gyaran da ba za ka sake yaɓe ba." Ya sa aka shafe bangon da siminti, ciki da waje, kyauta. 'Yan unguwa suka yi ta zuwa gani suna shafawa suna sa albarka.

Ilu yana jinyar gwiwa a lokacin. Da ya samu sauƙi ya zo da sanda, ya ɗora tafin hannu a bangon. Sannan ya ce, "An sa masa rigar da ba ya iya cirewa. Bangon ƙasa yana shan ruwa, amma yana fitar da shi in rana ta fito. Wannan zai sha ta sama, ba ta inda zai fitar." Na ce, "A kankare mana." Ya ce, "In ka kankare, da naman zai taho." Alhaji ya juya kwanonsa daga baya, amma ruwan da ya shiga ya riga ya shiga. Damina biyu bangon yana nan sumul a ido, yana ruɓewa a ciki. Ban san abin da ya fi wannan kama da garinmu a yau ba.

Na je neman gyara wurin Ɗanjuma, babban ɗan Ilu, wanda ya koyi aikin tun yana taka ƙasa. Yanzu bulo yake jerawa a Sabon Gari. Ya karɓe ni da ladabi, ya ce, "Baba, ni na manta ɗaurin guga. Ko na tuna, wa zai kira ni?" Ban ga laifinsa ba. Yana da iyali.

Watan jiya, da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Ilu ya yi sallama da hantsi. Ya ƙwanƙwasa bangon, ni ma da ba magini ba na ji ya amsa kamar ƙwarya. Ya ce, "Malam, kwashe littattafanka. Ɗakin nan ba zai ga kaka ba." Na ce, "Ilu, kai fa ka ce har abada." Ya ce, "Tasar na ce ba za ta faɗo ba. Aiko a ɗauko mini tsani."

Maƙwabta sun taru suna ba shi haƙuri, har da Alhaji Nata'ala, wanda ya ce zai kawo matasa su sauke rufin. Ilu ya ce, "Su zo su karɓi azara, amma ni zan kwance. Ba su san wadda ke riƙe da wadda ba." Muka riƙe masa tsani ya hau, taki ɗaya, hutu ɗaya. Ya fara da tsakiya. Ya ƙwaƙule ƙasar da ke kewaye da tasar da yatsunsa, ya cire ta, ya goge da bakin rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Sannan ya wuni yana nuna azarar da za a zare, har ɗakin da ya fi alfahari da shi ya koma fili. Da ya sauko ya ce, "Azarar lafiyarta ƙalau. Ƙasar ma a tara ta gefe, in an samu mai kwaɓawa." Wannan shi ne hawansa na ƙarshe.

Kai ne, Ilu, mai gini da abin da ke ƙarƙashin ƙafa. Kai ne ka ba marar lafiya sanyi ba da fanka ba, ka hana maƙwabta gaba da bakin indararo. Kai ne ka rushe aikinka da hannunka don kada ya kashe wani tsoho mai taurin kai. Na gode. Hajo ta riga ni yi maka addu'a, tata ta fi tawa tsarki. Allah Ya karɓa, Ya ba ka inuwa ranar da babu bango.

A nan ne aka saba cewa matasa su yi koyi. To, ku yi. Ilu yana zaune a zaurensa kowace safiya, hankalinsa garau, bai taɓa korar mai tambaya ba. Azara tana jingine a tsakar gidana, ƙasa tana tare a gefe, ruwa ya fara cin ta. Tasar tana wurina, na naɗe ta a mayafin mai ita. Wanda ya koyi ɗaurin guga ya zo ya karɓa. Ina Mandawari, a ɗakin kwano da Alhaji ya ara mini, kuma da rana ba na iya barci, don haka kowane lokaci aka zo za a same ni.