Malam Tanimu, wanda ya ɗinka mana lamba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina filin atisaye aka kira ni a waya: Malam Tanimu mai ɗinkin hula na Kusfa ya rasu. Usur na bakina, na kasa busawa. Na ce wa yara kowa ya je gida ya kintsa, mu haɗu wajen jana'iza.

Wanda ya san ni ya san ba na ɓoye abin da na yi. Ni na kafa kulob ɗin nan. Ni na share filin bayan Ƙofar Kuyambana da fartanyata, na tsince kwalabe da ƙaya. Ni na bi gida-gida a Kwarbai ina roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su buga, wasu ko zaure ba su bari na shiga ba. Iyakar karatuna sakandare, amma dokokin gasa da cike fom ni na koya wa kaina. Babu kansila, babu ɗan siyasa. Yau kofin shiyya na hannunmu, kuma sati mai zuwa za mu tafi gasar ƙasa ta matasa.

Amma akwai ranar da dabarata ta ƙare.

Zuwanmu na farko gasar shiyya ne, a Kaduna. Jesi na gwanjo na sayo, duk kore, ina ta murna kala ta zo ɗaya. Lambar baya ban duba ba. A unguwa wa ke duba lamba? Kowa an san ɗan gidan wane ne.

Wajen tantancewa jami'in wasa ya jera yarana ya ce su juya baya. Goma, goma, bakwai, goma, bakwai, bakwai. 'Yan kulob ɗin da za mu kara da su suka fashe da dariya, kocinsu ya ce, "Kai Zazzagawa, 'yan uku-uku kuke haifa ne?"

Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce in ba a gyara kafin la'asar ba, za a ba abokan karawarmu wasan ba tare da an taɓa ƙwallo ba.

Malam Tanimu kallo kawai ya biyo mu. A bakin filinmu yake zama da yamma yana ɗinkinsa, shi ya sa na ba shi kujera a mota. Ya matso ya ce, "Koci, tuɓe musu rigunan."

Ya ciro farin ƙyallen hulunan da yake cikin yi wa mutane, ya sa almakashi ya yanyanka. Ya zauna gindin darbejiya, ya rufe tsofaffin lambobin da ƙyallen, ya ɗinka sababbi da baƙin zare. Abincin rana ma bai ci ba. Da jami'in ya dawo ya shafa ɗinkin da yatsa, sai ya ce, "Baba, wannan lamba ce ko wuyan babbar riga?"

Muka ci ɗaya da nema.

Tun daga ranar babu lambar da ta hau bayan yaronmu sai ta hannunsa. Har ya rasu bai gane dokar satar gida ba. Duk ƙwallon da aka hana mu, shi a wurinsa zalunci ne. Hutun rabin lokaci kuwa dabino yake rabawa, har da alƙalin wasa.

Alhamis ɗin da ta wuce na same shi a zaurensa. Ya rame, amma jesin gasar ƙasa na ninke gefensa, ya gama su tsaf. Na gaya masa masu shirya gasar sun ce kowane kulob ya aiko da tarihinsa da sunayen waɗanda suka gina shi, za a buga a littafin gasa. Na ce zan sa nasa.

Ya yi dariya har da tari. "Koci, bar wa alhazai sunansu. Ni dai ka ce wa mai lamba huɗu ya daina cizon rigarsa, zai tsinke mini ɗinki."

Washegari sakatarenmu ya turo mini abin da ya rubuta. Alhazan da ake kira iyayen kulob ne a sama, waɗanda ba mu ga hularsu ba sai da kofi ya zo. Sunana can ƙasa. Na Malam babu. Na yi magana, ya ce ai ba a ware gurbin maɗinki ba. Na yi shiru, ina cewa zan gyara daga baya. Wannan shirun nawa ne, kuma yau shi ke ci mini rai.

Allah Ya jiƙan Malam Tanimu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko ba ka san shi ba.

Malam Sakatare, na san kana karantawa. Juma'a mai zuwa ake rufe karɓar takardar, kuma sai da sa hannuna za ta tafi. Ka rubuta sunana a layin farko, don ni na kafa. Layi na biyu ka rubuta Malam Tanimu Kusfa, maɗinki. Alhazai su biyo baya.

In ba haka ba, ba zan sa hannu ba.