Tef Shida na Kawu Tanimu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Kawu Tanimu, ƙanen mahaifiyata, a babban asibitin da ke kusa da gidanmu a Camberwell. Ina da shekara goma sha uku a lokacin, yanzu kuwa ina ajin ƙarshe a sakandare. Da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida sun san muryarsa, domin ya daɗe yana karanta labarai da Hausa a rediyo daga nan London. Abin da zan faɗa a kansa ba a faɗe shi a zaman makoki ba, ba a faɗe shi a addu'ar bakwai ba, balle ta arba'in. Duk ina wurin, kuma ban buɗe baki ba. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na ɗauki takarda.

Kawu a gidanmu yake zaune, a ƙaramin ɗakin da ke kallon titi. Sunan mahaifiyarsu na ci, Hajara, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ran Lahadi bayan la'asar sai ya ɗaga murfin garmaho, ya goge faifai da wani tsohon hankici mai ruwan toka, ya hure allura sau biyu. Kullum sau biyu. Tsofaffin waƙoƙin Amurka yake sawa, waɗanda aka tsara domin wasan dandali da fim tun kafin a haife shi, har suka zama na kowa, kowane mawaƙi ya ɗauka ya rera. Amma a wurinsa mutum ɗaya ce ta iya su, wata baƙar fata mawaƙiyar jaz, wadda yake kira Gwaggo, sai ka ce unguwarmu ɗaya da ita a Kano.

Yakan sa waƙa ɗaya sau biyu. Da farko ta bakin wani namiji mai murya garau, makaɗa cike da bayansa, komai a kan ƙa'ida. Sannan ya sa ta Gwaggo, daga ita sai fiyano da ɗan kiɗa can ƙasa-ƙasa. Kalmomin ba su canza ba, amma waƙar ta zama wata daban. Ita ba ta bin kiɗa a guje. Sai ya ɗan wuce ta, ka ɗauka ta makara, sannan ta zo ta ajiye kalmar a hankali, yadda Umma ke ajiye kofin shayi kusa da mai barci. Kawu ya ce na farkon labari aka ba shi ya zo yana maimaitawa, Gwaggo kuwa a kanta abin ya faru. Ya ce in riƙa sauraron numfashin da take ja kafin kalma, domin a nan take yanke abin da za ta yi da ita.

Ba mu kaɗai muke zama ba. Akwai Baba Ilu, abokin aikinsa kuma amininsa tun suna makaranta. Yakan sauko daga bas da ƙunshin soyayyar gyaɗa a aljihun kwat, ya tuɓe takalmi, ya miƙe a kan gadon Kawu. Shi yake kiran Kawu mijin Gwaggo, yana tambayarsa yaushe za a kai lefe Amurka. Kawu kuma ya ce masa mai muryar kwaɗo, saboda Baba Ilu ba ya iya jin waƙa bai bi ta ba, kuma bai taɓa dacewa da ita ba. Ni Malama Shiru yake ce mini. Daga inda nake zama a ƙasa, abin da na fi gani shi ne babban yatsan ƙafarsa na hagu, yana bin kiɗa cikin safa, ba ya kuskure ko da bakinsa ya kuskure.

Wata Lahadi Gwaggo tana rera wata waƙa ta rabuwa, sai na ji wani abu kusa da ƙarshe. Ban san sanda na ce, "Kawu, a nan ta yi murmushi" ba. Ya ɗaga allura, ya mayar baya, muka sake ji. Ya sake mayarwa. Sai ya dube ni ya ce shekararsa goma yana jin wannan faifai bai taɓa jin haka ba. Ya ɗauki fensir ya rubuta a bayan jakar faifan, daidai sunan waƙar: Murmushi, in ji Uwata. Ban taɓa samun kyautar da ta kai wannan ba, ko a makaranta.

A sanyin ƙarshe da ya yi a duniya ya sayi rakoda mai manyan tef masu zagaye. Burinsa ya shirya wa mutanen gida shiri a kan waɗannan waƙoƙi, ya yi bayaninsu da Hausa. Ya ce mutanenmu sun san abin da ake nufi da mawaƙi ya ɗauki baitin da kowa ya sani ya mayar da shi nasa, saboda haka za su gane Gwaggo kafin Turawa su gane ta. Lahadi shida ya yi yana ɗauka, tef shida. A ciki akwai bayaninsa, akwai waƙoƙin, akwai dariyar Baba Ilu da muryar kwaɗonsa. Akwai kuma muryata, domin bayan kowace waƙa sai ya tambaye ni abin da na ji, kuma a ɗakin nan kaɗai nake iya amsawa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ranar da muka je dubiya muka tarar da Baba Ilu a bakin gado. Kawu ya kama hannunsa a gabana ya ce, "Ilu, faya-fayan nan da tef shida na Uwata ne. Ka riƙe mata amana, ka juye mata su a kaset, kai ka san aikin." Baba Ilu ya ce ya daina irin wannan magana, zai tashi. Kawu bai saki hannun ba sai da ya ce ya ɗauka. Bayan kwana tara Allah ya karɓi abinsa.

Mutanenmu sun san abin da ake kira rufa wa mamaci asiri. Kafin dangi su iso, wani na kusa yakan shiga ɗakin ya kawar da abin da zai jawo magana. Baba Ilu ne ya yi wannan aikin tun kafin yayansu Umma ya sauka daga Kano. Na tsaya a kan bene ina kallo yana fita da akwatuna, raina a kwance, domin ai amana ce ta tafi wurin mai riƙonta. Ranar bakwai wani dattijo ya ce ya ji ana cewa marigayi yana da son kiɗan Turawa. Baba Ilu ya girgiza kai ya ce shekara ashirin suna tare bai taɓa saninsa da irin waɗannan abubuwa ba. Ina riƙe da tiren shayi. Na dubi ƙafarsa ta hagu, yatsan a tsaye cak. Na ce a raina don Kawu yake yi.

Ranar arba'in ya dawo da tef ɗin, shida cif, cikin kwalayensu. An ja layi a kan rubutun Kawu da jan biro. Ya gaya wa Umma a gaban jama'a cewa ya ɗauki karatu da wa'azi a kansu, za a ba ɗalibai su riƙa saurare, ladan ya je wa marigayi. Faya-fayan kuma ya ce ya rabu da su. Umma ta yi kuka, ta yi ta sa masa albarka. Ta riƙe tef ɗaya a gida, aka raba biyar. Wanda ya san rakoda ya san cewa idan aka ɗauki sabuwar murya a kan tef, tsohuwar ta tafi ke nan, ba ta dawowa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba ni da ja da karatu, kuma ina roƙon Allah ya kai ladan kabarin Kawu. Amma sabon tef, wanda ba komai a kansa, yana nan a kanti a kan babban titi. Na daɗe ina tambayar kaina me ya sa sai waɗannan shida. Amsar ta zo da kanta bayan wata uku, da aka ce an ba Baba Ilu babban muƙami a gida, irin wanda sai manya sun zauna sun tabbatar mutum kamili ne. Muryarsa tana kan kowane tef, yana rera waƙar soyayya da Turanci, yana tambayar ranar kai lefe. Asirin da ya rufa ba na Kawu ba ne.

Nakan yi tunanin abin da Kawu zai ce da ya ga London ta yau. Tun da kuɗin mai ya buɗe, falonmu bai rabu da baƙi daga gida ba. Suna zuwa da akwati ɗaya su koma da biyar. Kowa sai ya sayi rakoda mai manyan lasifika, ya gwada ta a gabanmu da sabon kiɗan rawa mai duka kamar ana daka, ya tambayi Abba ko akwai wadda ta fi ta ƙara. Ban ji wanda ya tambayi wadda ta fi fitar da ƙaramin sauti ba. Ina jin Kawu ba zai yi fushi ba. Zai yi dariya, ya ja ɗaya daga cikinsu ɗakinsa, ya ce ya zauna minti uku kawai. Yana da haƙuri da masu gaggawa. Abin da ban sani ba shi ne ko yana da haƙurin abin da na gani a ƙaramar sallar bana.

Baba Ilu ya zo hutu, ya sayi gida a Lewisham, muka je gaisuwar salla. Matarsa ta ce in hau sama in yi la'asar a ɗakin karatunsa. Na idar ina naɗe darduma sai na ga ƙofar wani kabad a ɗan buɗe, da gefen wani hankici mai ruwan toka. Faya-fayan Kawu ne a jere, babu ƙura ko kaɗan a kansu. Wanda ba a taɓawa ba ya zama haka. Na zaro na Gwaggo, na juya bayansa. Rubutun fensir yana nan.

Ina tsaye da shi a hannu ya shigo. Ya yi dariya ya ce Malama Shiru ta fara bincike. Ya ce a kasuwa ya tsince su, irinsu da yawa a gari.

Na ce, "Baba, sunana ne a jiki."

Ya karɓa ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Hajara, ke a nan kika girma, ba ki san gida ba. Wata rana za ki gode mini."

Na ce, "Faifan na bar maka, Baba. Muryarsa nake nema."

Ya mayar da faifan wurinsa, ya rufe kabad, ya ce abinci yana hucewa. A ƙasa ya sa mini nama biyu a faranti, yana gaya wa Abba cewa yarinyar nan akwai natsuwa. A bas muna komawa na gaya wa Umma komai. Sai da muka wuce Peckham sannan ta ce in bar shi da Allah, mutum ne babba yanzu. Na bar shi da Allah. Amma ban yi alkawarin zan ci gaba da yin shiru ba, kuma sunan da na kira shi da shi a nan ba shi ne sunansa na takarda ba. Shi dai ya san kansa.

To me ya rage na Kawu Tanimu? Labaran da ya karanta sun wuce da ranakunsu. Shirin da ya so yi wa mutanen gida ba wanda zai ji shi. Faya-fayan suna hannun mutumin da ya rantse bai san su ba, kuma na tabbata idan ya kulle ƙofa yatsansa yana motsi. Na sayi faifan Gwaggo ɗaya na hannu a wani shago, ina sawa ran Lahadi, ina hure allura sau biyu. Idan ta bar kiɗa ya wuce ta, nakan ji kamar ba ta makara ba ne, jira take wani ya saurara da gaske.

Bayan sallar nan na ɗauki tef ɗin da Umma ta ajiye na kai makaranta, inda muke da irin rakodar a ɗakin koyon harsuna. Ban taɓa jin sa ba. Na saurari wa'azin duka, daga farko har malamin ya shafa fatiha. Na miƙa hannu zan kashe, sai na ga tef bai ƙare ba, saura ɗan kaɗan a jikin zagayen. Ashe ranar da ya ɗauki wa'azin, Baba Ilu ya tsayar da rakodarsa da wuri. Aka yi ƙaras, sai wutsiyar fiyano tana mutuwa, sai numfashi, irin wanda ake ja kafin kalma. Sannan muryar Kawu, kusa, kamar yana zaune a kan kujerar da ke gefena: "To, Uwata, ke me kika ji?"

Nan tef ɗin ya ƙare, bakinsa yana kaɗawa a iska. Amsar da na ba shi a waccan Lahadi ba ta samu shiga ba, ko kuma tana kan wani tef da aka shafe. Wannan da kuke karantawa ita ce ta yau. Na ji duka, Kawu. Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.