Hannun da Ya Wanke Baban Tizhe

'Yan'uwana mata na zumunta, ban iya rubutu ba. Malama Rifkatu ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa, in kuka ya zo sai ta jira ni.

Juma'a, daga Mubi

Zakara na biyu bai yi cara ba na ja ƙofa. Mijina, Baban Tizhe, ya rasu Talata, muka binne shi Laraba. Ni na wanke shi da hannuna. Ɗanmu Tizhe yana makarantar fastoci can gaba da Gombi, Lahadi za a naɗa shi, bai kuwa san da rasuwar ba.

Kun tuna karatun da mai bishara ya yi mana bara, kan firistocin Isra'ila na dā? Firist ba ya taɓa gawa. Wanda ya taɓa ta ya ƙazantu kwana bakwai, abin da ya taɓa ma haka. Akwai samari biyu da suka shiga gaban Allah ba bisa ƙa'ida ba, wuta ta cinye su. Wannan ya hana ni zama. Na san Tizhe, in ya ji a bakin wani zai taho gida ya faɗa jikina, Lahadi kuma ya hau bagade. Na ce gara in riga kowa, in faɗa masa daga nesa.

Na isa tasha. Ƙarfe shida, in ji direba, motar ta cika. Wani Bafulatani ne, Bappa. Kafin in shiga na leƙa na ce, "Akwai fasto a ciki?"

"Dada, babu fasto, babu liman," in ji shi. "Masu zunubi zalla na ɗauko yau, shigo."

Aka yi dariya. Na zauna can baya wajen buhunan gyaɗa, na naɗe hannuwana cikin zane.

Mararraba zuwa Hong

A Mararraba sojoji suka sauke mu duka. Ɗaya ya buɗe ƙunshina, ya ga ƙullin gari da kuɓewa, ya dubi kaina da aka aske.

"Mama, wa ya mutu?"

"Mijina."

Ya ɗaure mini ƙunshin da kansa.

A Hong wata Hajiya mai sayar da atamfa ta sayi ƙosai ta miƙo mini. Na ce ta ajiye a kan buhu. Ta tambayi dalili, na faɗa mata.

"Haba 'yar'uwa, mu ma muna wanke mamatanmu, mu yi wanka mu yi salla. Ba ki yi wanka ba ne?"

"Sau uku, a mayo, rafin garinmu."

"To, ai sai ki bar wa Allah sauran."

Na ce a raina, ita ba ɗanta ne zai hau bagade ba.

Gombi, da makarantar

Azahar muka isa Gombi. Na hau akori-kura, sai da rana ta yi sanyi motar ta sauke ni a bakin hanya. Na tsaya gindin wata tsamiya wajen shingen makarantar, na roƙi wata mai ɗiban ruwa ta kira mini Tizhe na Mubi.

Ya fito da gudu. Na ɗaga murya na ce, "Tsaya nan! Kada ka matso!"

Ya tsaya. Idonsa ya sauka a kaina.

"Mama, Baba ne?"

"Shi ne. Ni na wanke shi, kwana huɗu ke nan. Don Allah kada ka taɓa ni."

Ban rufe baki ba ya tsallake shingen ya rungume ni. Na tura shi, na doke shi a ƙirji, ina ihu, "Ka kashe kanka! Na binne uba, zan binne ɗa!" Bai sake ni ba.

Asabar

Na kwana a ɗakin baƙi, ban taɓa tuwon da aka kawo ba. Da hantsi aka kai ni wurin shugaban makarantar, wani tsoho mutumin Michika. Ya yi mini magana da yarenmu. Na durƙusa na ce a ɗaga naɗin zuwa wani mako.

Ya ce, "Mama, rabin karatun kika riƙe. Ko a wancan zamani an yarda firist ya ƙazantu saboda uwarsa da ubansa. Babban firist kaɗai aka hana."

"To Tizhe wanne ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Ƙarami ne ƙwarai. Kuma wannan kaya na tsohuwar doka an riga an sauke mana shi. Hannun da ya wanke miji bai ɓata kowa ba."

Na ce na ji. Kunnena ne ya ji, cikina bai ji ba.

Lahadi

Na zauna bakin ƙofar majami'a. Su biyar ne, Tizhe na uku. Da aka kira sunansa ya taka zuwa gaba. Na dubi rufin kwano, ina jiran ta inda wutar za ta sauko. Na ce, Ubangiji, ni ce na taɓa, ni za ka ɗauka. Na rufe ido. Na ji dattawa suna addu'a, doguwa, kamar ba za ta ƙare ba. Sai jama'a suka ce amin, mata suka rangaɗa guɗa. Na buɗe ido. Yana tsaye, yana share hanci da bayan hannu kamar yadda ubansa ke yi.

Litinin, gida

Tare muka dawo, la'asar muka shiga Mubi. Bai ajiye jaka ba ya ce in kai shi kabarin. Ya durƙusa da farin abin wuyansa na fasto, ya tura hannu biyu cikin jar ƙasar, yana kiran Baba. "Kada" ta zo har bakina. Na haɗiye ta, na durƙusa kusa da shi, na sa nawa hannun.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ɗana a raye. Na gode muku da kuka kula da awakina. Malama, ajiye biron haka, ba zan iya ci gaba ba.