Garwashin da Inna Take Binnewa

A gidanmu na Mairuwa wuta ba ta mutuwa. Bayan tuwon yamma Inna, mahaifiyata, takan binne garwashi cikin toka, da sassafe ta tone shi yana nan da ransa. Sai matan unguwa su riƙa shigowa ɗibar wuta, kowacce da fasasshen kasko. Har yau in na lumshe ido ina ganinsu cikin sanyin safiya, suna fita ɗaya bayan ɗaya, siririn hayaƙi yana bin bayansu kamar jela.

Tankokin mai kuwa suna wucewa ta titinmu tun ina ƙarama. A lokacin na ɗauka wuta ce take barci a cikinsu, za a kai wa masu nisa. Inna takan bi su da kallo ta ce, "Ƙasar da ka saida ma duniya mai, mi ya hana ta ɗiba ma kanta?"

Hayaƙin murhu ne ya ci idonta. Da na kai ta asibiti aka faɗa mana ƙarara: ko ta bar murhu, ko ta rasa gani. Itacen ma ya yi nisa, daji ba ya shiguwa. Ni da ba na jiran shawara, na sayo tukunyar gas, na kwashe duwatsun murhu na jibge su bayan rumbu. Inna ta daɗe tana kallon shuɗiyar wutar, ta ce wannan kam ta aljanu ce.

Ido ya washe, amma Inna ta daina magana. Ta rame, tana wuni a bakin ɗaki tana kallon ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na je wajen Hajiya, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu, in ji dalilin da ya sa matan unguwa suka yi watsi da ita. Ina shiga na hango kwalin ashana a tagarta.

"Hajiya, ashe kuna da ashana?"

Ta yi dariya. "Tun kina goye muke da ita, ɗiyata. Amma mace ba ta fita gidan miji ba dalili. Wutar taki ba ta ɗibuwa, to mi za mu ce ya kawo mu?"

Kunya ta rufe ni. Ranar na samo gawayi kaɗan da ƙaramin kasko. Girki yana nan a kan gas, amma da yamma Inna ta binne garwashinta a gindin katanga, nesa da idonta.

Da safe muka ji sallama. Inna ta tone toka, ta zuba wa Hajiya garwashi biyu. Hajiya ta ajiye kaskonta a gefe, ta gyara zani ta zauna. Har garwashin ya mutu babu wadda ta waiwaye shi.